Sassaben Zamani: Yadda Za Ka Raya Itatuwa a Gonarka Ba Tare da Dashe Ba

Duk shekara idan bazara ta kama, daga Daura zuwa Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu, har ka zagayo Mashi da Kaita, aiki ɗaya ake yi a gonaki. A ɗauki adda da gatari a bi sabara da kalgo da duk wani tofo da ya ɗago kai, a sare shi ƙasa-ƙasa, a tara a cinna wuta. Gona ta yi fes, maƙwabta su ce wane ya iya shara. Ruwan farko ya sauka a yi shuka, sai iskar gabas ta taso da rairayi ta bi ta kan ɗan geron da bai fi tsawon yatsa ba, ta babbake shi ko ta binne shi. A sake shuka, wata shekarar har sau uku. Abin da aka sare a watan Afrilu, shi ne da zai tare wannan iskar a watan Yuni.

Waɗannan 'yan tofon da muke sarewa itatuwa ne cikakku, an dai hana su tashi ne. Kututturensu yana nan da rai a cikin ƙasa, saiwarsu ta yi shekaru tana nutsawa har ta kai ga laima, shi ya sa ko an sare ko an ƙone, kafin kaka sun sake fitowa. Dashen da aka ɗauko a leda kuwa, saiwarsa ba ta wuce kamu ɗaya ba. Idan ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba, sai ya yi wata bakwai ko takwas yana jiran mai ba shi ruwa, ga akuya a sama ga gara a ƙasa. Ba mu hana dashe ba, yana da wurinsa, musamman a gida da makaranta da bakin hanya inda ruwa yake kusa. Amma a gonar jigawa mai nisa da rijiya, raya kututturen da ke nan ya fi sauƙi, ya fi sauri, kuma ba ya cin ko sisi.

'Yan'uwanmu na tsallaken iyaka, a Nijar, suna kiran wannan aiki na raya kututture sassaben zamani. A yankin Maraɗi ya fara yaɗuwa, tun daga 1983, lokacin da wani malamin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa dashen da ake ta yi yana mutuwa, alhali kututture masu rai sun cika gonaki. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, da rabon ya ƙare manoma da yawa suka sare abin da suka bari. Waɗanda suka daure su ne suka fara samun itacen girki da dirkoki a gonakinsu, kuma ganin haka ya jawo sauran. Binciken da aka yi daga baya da hotunan tauraron ɗan'adam ya ƙiyasta cewa gonakin da suka sake yin itatuwa a Nijar sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a yankunan Maraɗi da Damagaram. Ƙasarsu irin tamu ce, ruwansu ma bai kai namu ba. Wanda ya taɓa ƙetarawa ta Kongolam ya nufi Matamai ya ga gawo jere a gonaki da idonsa.

Zagayen gona da zaɓe

Kafin ka taɓa adda, zagaya gonar da ƙafa, kai da wanda zai taya ka aiki. Ka tsaya a kan kowane tofo ka gane ko mene ne. Idan akwai wanda ya shige maka duhu, ka tafi da dattijo ko makiyayi, su ba sa ɓata sunan itace.

Gawo ne kan gaba, duk inda ka gan shi ka bar shi, ko da a tsakiyar kunya ya fito. Halinsa daban ne da na sauran: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar. Saboda haka ba ya yi wa gero inuwa lokacin da gero ke son rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne daidai lokacin shuka. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin da muke saye a buhun yuriya. Da rani dabbobi suna kwanciya a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya kafa doka mai tsanani a kan sare gawo, kuma wanda ya san aikin da gawo ke yi a gona ba zai yi mamakin haka ba. Mai shakka ya gwada da kansa: ya auna taku 10 a tsaye da 10 a kwance a ƙarƙashin babban gawo, ya auna irinsa a fili, ya girbe kowanne daban, ya sussuke ya ƙirga kwano. Sai dai gawo yana son haƙuri. Shekarun farko yana ƙasa yana yin ƙaya, amfaninsa ga ƙasa kuma sai ya haura shekara goma yake bayyana sosai.

Kalgo da sabara su ne suka fi yawa a gonakinmu, su ne kuma aka fi rainawa. Binciken da aka yi a Senegal ya nuna cewa da dare saiwarsu tana jawo ruwa daga can ƙasa ta sake shi a sama-sama inda saiwar gero take, shi ya sa geron da ke kusa da su ya fi jure fari. Waɗannan kashi biyu za ka yi musu. Wasu ka raya su su zama itace, sauran ka sare su a farkon damina kamar yadda aka saba, amma kada ka tone kututturen, kada ka ƙone shi, ganyen da ƙananan rassan kuma ka daddatsa ka baza a gona.

Magarya, aduwa, kurna, bagaruwa, danya da ƙirya duk abin bari ne, kowanne da amfaninsa, daga 'ya'yan ci zuwa jima zuwa ƙotar fartanya. Kuka idan ta fito ka yi mata gata, don akuya ba ta ɗaga mata ƙafa. Tsamiya, kanya da ɗorawa inuwarsu tana da nauyi, sun fi dacewa da gefen gona ko kusurwa. Itacen bedi da na turare kuwa a tsaya da su a kan iyaka, a tsakiyar gona suna kashe amfani. Goriba ba a yi mata irin aski na sauran itatuwa, wato rage tsiro da rassa. A cikin tarin kaba ka zaɓi kai ɗaya ko biyu mafi ƙarfi, ka hana a yanke zuciyarsu, wato sabon ganyen tsakiya, sauran a ci gaba da yanka ana saƙa.

Nawa za ka bari? Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 a tsaye da 100 a kwance, kusan eka biyu da rabi, babban taku na namiji kuma ya kusa mita ɗaya. Idan ka bar taku 20 tsakanin itace da itace, za ka samu 25 a hekta. Taku 16 zai ba ka wajen 40, taku 10 kuma 100. Mai farawa ya kama tsakanin 25 da 40. Idan yawancinsu gawo ne, za ka iya ƙarawa daga baya ba tare da gero ya ji a jikinsa ba. Mai noma da garmar shanu ko tarakta ya yi ƙoƙari ya zaɓi waɗanda suka faɗo kusan a layi ɗaya da kunya, don kada su zame masa ciwon kai ranar huɗa.

Askin kansa

Kututture ɗaya yakan fitar da tsiro 10, 20, har fiye. Duk suna rabon abinci ɗaya, shi ya sa babu wanda yake yin kauri. Ka duba ka zaɓi uku zuwa biyar, mafi tsawo, mafi miƙewa, marasa rauni, kuma waɗanda suka fito daga gindin kututturen kusa da ƙasa. Wanda ya fito a saman tsohon sara yakan ɓalle idan ya yi nauyi. Sauran duka ka cire su. Gawo shi ne ba a bar masa da yawa: biyu a shekarar farko, don ko ɗaya ya samu matsala, daga nan ka mayar da shi ɗaya.

Sai ka koma kan waɗanda ka zaɓa ka rage musu rassan gefe, daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu. A nan mafi yawan masu farawa suke kuskure. Mutum ya ga aski yana kyau, sai ya bi sandar har sama ya bar ɗan tukku a kai. Ganye shi ne bakin da itace ke ci da shi, idan ka kwashe shi girma ya tsaya. Sandar kuma takan yi siriri da tsawo, kanta ya yi nauyi, iskar hadari ta karya ta ko akuya ta dafa ta lanƙwaso. Rabi ya isa. Sai itacen ya wuce tsawon mutum da hannu a miƙe, wato ya haura mita 2, sannan za ka iya kai askin kashi biyu cikin uku.

Kayan aiki su kasance da kaifi sosai. Adda, lauje, ƙaramin gatari ko zarto, duk wanda ke hannu ya yi, in dai an wasa shi. Dakusasshiyar adda farfasa itace take yi, ruwa da ƙwari su samu ƙofa. Yadda ake saran ma yana da ƙa'ida: daga ƙasa ake ɗaga adda zuwa sama. Idan ka saro reshe daga sama, nauyinsa zai ja ɓawon ya yage shi har jikin sandar, raunin ya daɗe bai warke ba. Ka yanke kusa da jiki, amma ka bar ɗan kumburin nan da ke gindin reshe, don daga nan ɓawo ke rufe ciwon. Kada kuma ka bar dogon guntu, ruɓewa yake yi ya shiga ciki. Tsiron da za ka cire gaba ɗaya, ka sare shi a karkace yadda ruwa ba zai kwanta a kai ba.

Idan sandunan suna da laushi, ka haɗa su ka ɗaure da igiyar kaba ko ɓawon kalgo, sako-sako, su tallafi juna. Ɗan gawon da ke rarrafe a ƙasa ka kafa masa turke ka ɗaga shi. Kada ka yi ɗauri da waya ko igiyar roba, idan itacen ya yi kauri shaƙe shi suke yi. Daga ƙarshe ka ɗaura jan ƙyalle a sama, shaida ce ga duk mai wucewa cewa wannan da mai shi.

Babban aski lokacin sharar gona ake yin sa, Afrilu zuwa Mayu. Ana komawa a lokacin maimai a tsittsinke sabbin tsiron da suka fito a gindi, don kututture ba ya daina fitar da su, kuma a wannan lokacin ko da hannu ana iya cire su. Bayan girbi kuwa ka ja hannunka. Dabbobi za su shigo gonaki, rassan gefe masu ƙaya su ne rigar itacen. Idan ka aske shi a watan Nuwamba ka miƙa wa awaki da raƙuma ne.

Abubuwan da ke kashe aikin

Wuta ce ta farko. Tarin shara da aka cinna a kan kututture ko kusa da shi yana dafa ɓawon sabuwar sanda, ko ba ta mutu ba ta koma baya shekara guda. In ba makawa sai ka ƙona, ka ja tarin aƙalla taku 5 daga kowane itacen da ka bari, kuma da safe kafin iska ta tashi. Mu dai shawararmu a daina ƙona abin da zai ruɓe. Ƙayar da ka sare ka zagaye gindin itacen da ita ta zama shinge, sauran ƙiraren a kai gida.

Garma ce ta biyu. Mai huɗar da aka ɗauka haya sauri yake yi, ba ruwansa da ɗan gawon da bai kai gwiwa ba. Ka kafa turke mai tsawo kusa da kowane ƙarami, ka bi gonar tare da shi kafin ya ɗaura shanu, ya bar rabin taku ta kowane gefe, kai kuma ka gyara wurin da fartanya. Maganin feshi na kashe ciyawa shi ma yana cinye ƙananan itatuwa ba a sani ba. Ranar feshi a kifa musu bokiti ko a rufa musu buhu, kuma kada a yi feshi da iska.

Na uku, wanda ya fi duka wuya, mutane ne. Itacen girki ya yi tsada, shiga daji mai nisa irin na Rugu ya zama abin tsoro, don haka sanda miƙaƙƙiya a gonar da ba kowa jaraba ce. Wanda ya yi wannan aiki shi kaɗai a ƙauye yakan sha wahala. Ka fara da gidanka, uwargida da yaran da ke zuwa itace su san ma'anar jan ƙyalle, kuma abin da aka aske ya zama nasu. Sannan ka nemi maƙwabtan gona uku ko huɗu ku fara tare, ku je wurin mai unguwa ko dagaci a yi shela, a kira arɗo a zauna da shi. Makiyayi ba abokin gaba ba ne a wannan aiki, shi ya fi kowa buƙatar gawo da rani. Abin da za a daidaita a kai shi ne a kaɗo 'ya'ya, a sassaro ƙananan rassa, amma ba a taɓa kan itace ba, ba a taɓa mai ƙyalle ba. Ku sanar da malamin daji na ƙaramar hukuma tun da wuri cewa ku kuka raya waɗannan itatuwa, don kada ranar da za ku yanki abinku a samu saɓani. Mai noma gonar aro ko haya ko jingina ya yi magana da mai gona a gaban shaidu, a san na wane ne itacen, domin rigimar itace a gonar aro tsohuwa ce.

Duk da haka za a yi maka ɓarna, musamman shekara biyun farko. Idan an sare, kututturen bai mutu ba, ka sake zaɓe a cikin sabon tofo. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Musulmi ba zai dasa itace ba face abin da aka ci daga gare shi sadaka ne, abin da aka sata daga gare shi ma sadaka ne. Manoma da yawa da wannan suke kwantar da zuciya su koma bakin aiki.

Cin amfani

Dalilin barin sanda uku zuwa biyar a kututture ɗaya shi ne ka riƙa ci kana bari. Tun farko ka ware mafi kyau a matsayin uwa, ita ba a taɓa ta. Daga shekara ta biyu ko ta uku, gwargwadon ruwa da irin itacen, za ka iya yanke ɗaya daga cikin sauran kowace shekara, ka yi dirka ko ƙota ko ka sayar, ka bar sabon tsiro ɗaya ya maye gurbinta. Mai kututture 40 a hekta, sanda 40 ke nan a shekara, ban da ƙiraren aski. Lissafin irin na ɗan kasuwa ne, kututture da uwar sanda su ne jari, abin da ya tsiro a kai riba. Kalmar ɗorewa da ake yawan faɗa a rediyo idan ana maganar muhalli, a gona ma'anarta ke nan: kada abin da ka cira a shekara ya wuce abin da ya tsiro a shekarar. Gonar gado amana ce, haka iyaye suka bar mana ita da kukoki da gawuna a ciki, mu ma akwai masu jiran karɓa a hannunmu.

Idan uwar ta girma har inuwarta ta fara danne amfani, ba sai an kayar da ita ba. A rage rassan ƙasa a farkon damina, a bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kan. Masu kukan cewa itace yana tara tsuntsu, wannan rage rassan yana sauƙaƙa abin, kuma gawo ba shi da ganyen ɓuya a lokacin da gero ke ido.

Inda babu kututture

Akwai gonar da an riga an tone komai, ko fako da ya daskare ruwa ke bi ta kansa ya wuce. Nan sai a haɗa da tassa, wato shuka a ƙananan ramuka masu tara ruwa da taki. Da rani ake haƙa ramuka da diga, faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, tsakanin rami da rami kusan taku ɗaya, layi na biyu ya faɗo a tsakanin ramukan layin farko. Ƙasar da aka fitar a tara ta a bakin ramin ta ɓangaren ƙasa na gangare, yadda ruwan da ya gangaro zai faɗa ramin ya tsaya. A zuba taki cikin tafi biyu a kowane rami a yayyafa ƙasa kaɗan a kai, tun kafin ruwa da 'yan makonni. Gara za ta zo cin takin ta huda ƙasar, ta nan ruwa zai riƙa nutsewa. Idan an yi ruwa mai kyau a shuka gero ko dawa a ciki. Ɗanyen taki da aka zuba ranar shuka ƙone tsiro yake yi, a tabbata ya bushe ko ya ruɓe. Tassa ba ta yi a rairayi mai laushi, ramin rufewa yake yi, ba ta kuma yi a kwari inda ruwa ke kwanciya.

Takin awaki da na shanu yana ɗauke da ƙwayar gawo da ta bagaruwa da ta magarya, cikin dabba ya riga ya tausasa ɓawonsu, don haka za ka ga 'yan itatuwa suna fitowa a ramukan tare da gero. Lokacin noman firi a buɗe ido, a gaya wa 'yan ƙwadago kada su share su. Mai son ya shuka gawo da gangan ya ɗan kankare gefen ƙwayar da wuƙa ko ya goga ta a dutse har farin da ke cikinta ya ɗan bayyana, ya jiƙa ta kwana ɗaya, ya sa ƙwaya biyu ko uku a rami ɗaya cikin kowane taku 10, a watan Yuli da ƙasa ta sha ruwa. Idan sun fito a bar mafi ƙarfi, a kafa turke, bayan girbi a rufe shi da ƙaya ta ko'ina har sama. Ba a yi masa aski a shekarar farko, sai bazara ta biyu idan ya kai gwiwa.